LITTAFIN DA BA A YANKA BA

SHAFI NA 27

Masu bibiya, saƙonninku sun iso, har da na baiwar Allah da ta ce in shafin yau ya makara za ta kai ni ƙara. Na karɓi sammaci. Gyara ɗaya kafin mu shiga: a shafin da ya gabata na rubuta cewa ranar Laraba aka yanke hukunci. Ranar Alhamis ce. Wanda ya lura ya kyauta, domin a shari'a kwana ɗaya kan raba mutum da igiya.

*

Shekara tara da wata huɗu da kwana shida ke nan tun da aka yanke wa Auta hukuncin kisa, bisa cewa shi ya kashe shugaban direbobi a harabar kamfanin da yake tuƙa wa babbar mota. Yayarsa ba ta taɓa ɓata wannan lissafi ba. Ita ce wadda kowa a maɗaba'a ke kira Mai Zare, saboda shekara talatin tana ɗinke littattafai da hannu, har allura ta yi mata kanta a yatsa.

Ƙarfe goma saura kwata na safiyar Litinin, maigidanta ya tsayar da mota a gindin benen lauyoyi. Shi ma a maɗaba'ar yake, shi ne mai injin yanka. Bai kashe mota ba.

"Har yanzu ba ki makara ba," ya ce. "Mu juya. Mutumin nan babba ne, ba a ja da shi. Ki bar wa Allah."

"Ai Allah na bar wa tun ranar farko. Shi ne ya ba ni ƙafar hawa bene."

"Kowa ya tuna bara..."

"Ni ba bara nake tunawa ba, ƙanena nake tunawa. Jira ni a nan."

A hawa na uku Barista tana jiranta, matashiyar lauyar da ta ɗauki ɗaukaka ƙarar. Dalili ɗaya tak suka kafa a gaban kotu: cewa lauyan da aka ba Auta a shari'ar farko bai kare shi ba. Doka kuwa a nan tana da tsauri. In lauya ya duba hujja, ya auna, ya ajiye ta, ko da ya yi kuskure, wannan dabara ce, kuma ba a soke hukunci don dabara ta ƙi ci. In kuwa bai ko duba ba, wannan sakaci ne, kuma sakaci na iya rushe hukunci. Tsakanin waɗannan kalmomi biyu ran Auta yake rataye, ga shi ranar Alhamis za a saurari ƙarar.

Wani dattijo mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a wuya, ya tare su da ɗan faranti. Shi ne akawun ofishin wancan lauyan na shari'ar farko, wanda suka zo duba fayilinsa.

"Wayoyinku, 'ya'yana. Umarnin kotu ya ce a duba a rubuta, bai ce a ɗauki hoto ba."

"Mun sani, Baba," in ji Barista.

Babban Lauya bai tashi ba da suka shiga. Teburinsa ya fi gadon Mai Zare faɗi. A kansa akwai alƙalumma uku, da tabarma ta fata, da wata siririyar wuƙar buɗe wasiƙa mai ƙotar azurfa.

"'Yata," ya ce da Barista, "lokacin da na fara tsayuwa gaban alƙali, mahaifinki ma ina jin bai fara aske gemu ba."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Shi ya sa muka zo koyo."

"Wannan fa?"

"Yayar wanda ka kare."

"Na kare mutane sun fi dubu."

"Wannan ba ka kare shi ba, Yallaɓai," in ji Mai Zare. "Rakiya ka yi masa."

Akawu ya yi tari. Babban Lauya ya dube ta ta saman tabarau, sannan ya murmusa irin murmushin da ake yi wa mara lafiya.

"Baiwar Allah, baƙin ciki ba hujja ba ne. Awa biyu kotu ta ba ku. Akawu, kawo musu akwatin."

Akwatin kwali ne, an ɗaure shi da jan ƙyalle. Barista ta kwance, ta fara fito da takardu tana karantowa tana rubutawa. Takardar tuhuma. Rahoton likita. Jawabin mutum ɗaya da ya ce ya hango bayan Auta a harabar da tsakar rana. Bayanan lauya na shari'ar duka, shafi biyu da rabi.

"Shafi biyu da rabi," ta maimaita. "Shari'ar rai."

"Gwani ba ya yawan rubutu," in ji Babban Lauya.

Barista ta zaro wata takarda daga jakarta.

"Ranka ya daɗe, bari in tuna maka rantsuwar da ka aika wa kotu makon jiya. Sakin layi na shida. 'Yayar wanda ake tuhuma ta kawo mini wani ɗan littafi. Na karanta shi daga bango zuwa bango. Takardar awon mota da ake magana tana shafi na goma sha ɗaya. Na ga tambarin lokacin da ke kanta ya dishe, na yanke shawarar kada in gabatar da ita.' Kana nan a kan wannan?"

"Kamar dutse."

Mai Zare ba ta jin su sosai. Idonta yana can ƙasan akwatin, inda wani shuɗin bango ya leƙo daga ƙarƙashin tsoffin ambulan. Ta san yadin. Ragowar wanda ta yi wa wata makaranta rajista da shi ne.

Ta tuna yadda aka yi shi. Ranar da aka kashe shugaban direbobi, Talata, sha huɗu ga Maris, Auta yana kan sikelin manyan motoci, tafiyar awa biyar daga harabar. An ba shi takardar awo mai tambarin ƙarfe sha biyu da minti arba'in, ya sa hannu, ma'aikacin sikelin ya sa hannu. Ita ta je har can, ta samo jawabin mutum uku, ta karɓo takardar daga aljihun motar. Sai ta ga bai dace ta kai wa babban mutum tarkacen takardu ba. Ta yi abin da ta iya: aka buga jawaban a faffaɗar takarda guda, shafi takwas gaba, takwas baya, ta manna takardar awon a gurbinta, ta ninke sau uku, ta ɗinke, ta sa bango.

Ta miƙa hannu ta ɗauko shi. Ta shafa gefensa da babban yatsa, kamar yadda ta shafa gefen littafi dubu nawa.

Sai yatsan ya tsaya.

"Barista."

"Na'am, Yaya."

"Ajiye biro. Zo ki buɗe mini shafi na goma sha ɗaya."

Barista ta karɓa. Ta buɗe bango. Shafi na ɗaya ya fito. Ta sa yatsa za ta juya, sai ganye biyu suka taso tare. Ta lashi yatsa ta sake gwadawa. Suka sake tasowa tare.

"Ya manne ne?"

"Bai manne ba. Ba a yanka shi ba ne."

Barista ta ɗago ta dube ta.

"Ku masu karatu ba ku san wannan ba," in ji Mai Zare, muryarta a kwance. "Littafi ba a haifarsa da shafuka. Takarda ɗaya ce ake ninkewa. In an ɗinke, sai a kai injin yanka ya sare gefe uku, sannan ya buɗu. Ranar da na gama wannan, cikin watan Yuni, aka ce mini an kai wuƙar injin wasawa, ga shari'a saura kwana shida. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ni na fafe. Na kawo shi haka. Na tsaya a nan, inda wannan kujerar take, na ce, 'Yallaɓai, ka yi haƙuri, sai ka bi ninkin da wuƙa.' Ka ce in ajiye a can."

Ta juya littafin ta nuna samansa. Ninkin yana nan lafiya lau, ƙura ta kwanta a kai.

"Shafi na goma da na sha ɗaya suna cikin aljihu. Sama a rufe, gefe a rufe."

"Ana iya leƙawa ta ƙasa," in ji Babban Lauya da sauri.

"Gwada. Na ɗiga gam a ƙasan don kada takardar awon ta zame ta faɗi. Ga ɗigon nan, uku ne. Ni ba na yin biyu."

Barista ta tashi tsaye a hankali.

"Daga bango zuwa bango, ranka ya daɗe?"

"Wannan kwafi ne. Wanda na karanta daban."

"Guda ɗaya na yi," in ji Mai Zare. "Takardar awo ɗaya ce a duniya, kuma tana ciki. Shekara tara ina zagin kaina a kan wannan ganganci. Ina cewa da na jira injin, da ka karanta. Ashe Allah ajiya ya yi mini."

Barista ta fara tattara jakarta.

"Za mu tafi da shi."

"Ba za ku fita da ko tsinke ba," in ji Babban Lauya. "Karanta umarninki. A duba, a rubuta. Abin da ke akwatin nan yana hannuna har sai magatakardan kotu ya zo ya rufe shi da hatimi."

Gaskiya ya faɗa, kuma duk sun sani. Barista ta dubi agogo. Kotun tana ƙarshen titi, amma magatakarda ba ya motsi da kiran waya, sai da buƙata a rubuce, hannu da hannu.

"Yaya, minti arba'in. Wataƙila hamsin."

"Je ki."

"Ba na son in bar ki ke kaɗai."

"Ni da littafina ne. Je ki, ki riƙe siket ki yi gudu."

Ƙofa ta rufu. Sautin takalmin Barista ya gangara bene har ya ɓace.

Babban Lauya ya cire tabarau ya goge. Da ya sake magana, muryar ta sauya, ta zama irin ta kawu mai ba da shawara.

"Malama, mu yi magana ta manya. Akwai hanyar neman afuwa. Ina da waɗanda ke jin maganata. A mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai, nan da wasu shekaru a duba halinsa. Ƙaninki ya rayu. Ba shi kike so ba?"

"Afuwa ta mai laifi ce."

"Ta mai rai ce."

"Sau biyu aka kai masa takardar afuwa ya sa hannu, sau biyu ya mayar. Ya ce ba zai roƙi gafarar abin da bai yi ba. Yaron da na goya ya iya faɗin haka daga ɗakin jiran mutuwa, ni ce zan kasa faɗa a ɗaki mai fanka?"

"Kin san shari'a nawa aka ɗora mini a wannan watan? Arba'in da ɗaya."

"Ni ƙane ɗaya aka ba ni."

Ya miƙo hannu.

"Ba ni in gani."

Ta ɗora littafin a kan teburin, amma ba ta sake shi ba. Ya jawo shi ta ɗaya gefen. Hannunsa na dama ya tafi kan wuƙar azurfa, a hankali, kamar mai neman biro.

"Kin ce in bi ninkin da wuƙa," ya ce. "To, na makara, amma bari in cika miki. Fayil nawa ne. Babu dokar da ta hana lauya karanta fayilinsa."

Ta gane. Sara uku kawai yake buƙata. Kafin magatakarda ya hawo bene, littafin zai zama kamar kowane littafi, kuma babu wanda zai iya cewa yau aka yanka ko shekara tara da suka wuce. Maganarta ce da tasa, mai zare da babban lauya.

Tsinin wuƙar ya shiga bakin ninkin farko.

Mai Zare ta shimfiɗa tafin hannunta a kan gefen littafin, yatsunta suka rufe ninkin, ƙarfen ya taɓa fatar tsakanin manuni da na tsakiya.

"Bismillah, Yallaɓai. Ta nan hanyar take."

"Janye hannunki."

"Yanka. Jini ba ya dishewa kamar tambari. Magatakarda zai ga kwanan watansa."

"Zan kira masu gadi su fitar da ke."

"Kira su. Su ɗauke ni da tebur ɗin, don ba na rabuwa da shi. Allura ta huda hannun nan sau dubu saboda littattafan mutane. Yau ya samu nasa."

Ya juya ga akawu, wanda tun ɗazu yake tsaye jikin kabad kamar an jingine shi.

"Kai shaida ne. Matar nan ta kawo mini hari a ofis."

Dattijon ya sauya tabarau, ya sa na wuya a hanci, ya matso. Ya dubi hannun, ya dubi wuƙar.

"Ranka ya daɗe, shekara talatin da ɗaya ina buɗe maka wasiƙu da wuƙar nan. Ta dakushe. In ka sa ta a tsohuwar takarda, yaga za ta yi." Ya zare ta daga hannun maigidansa da ladabi, kamar mai karɓar kofi, ya zura a aljihun rigarsa. "Bari in kai ta wasawa."

"Ka san abin da kake yi?"

"Na sani. Ni na sa littafin nan a akwati, da hannuna, ranar da aka kawo shi. Ni na ɗaure jan ƙyallen. Ƙullin da yarinyar nan ta kwance ɗazu, nawa ne na wancan lokacin. Ina da jika mai tuƙa mota, ranka ya daɗe. In an tambaye ni, zan faɗa."

"Ka kori kanka."

"Dama gwiwoyina sun gaji da benen."

Babban Lauya ya koma ya jingina. A karon farko Mai Zare ta ga tsufansa. Ba ta janye hannu ba. Kanta a sarari yake, kuma a cikin wannan sarari wani abu ya fara yi mata ƙaiƙayi. Ta dubi takardar rantsuwar da Barista ta bari a gefen tebur.

"Yallaɓai, saura tambaya ɗaya."

Ta nuna takardar da haɓa.

"Ba ka buɗe ba. Wannan ya tabbata. To ta yaya ka san shafi na goma sha ɗaya ne?"

Ya ɗago kai.

"Ban sa jerin abin da ke ciki ba," ta ci gaba. "Ban faɗa maka ba, don ba ka ba ni minti ɗaya ba. Barista ma sai daga rantsuwarka ta ji lambar. Auta bai taɓa ganin littafin ba. Kai ba boka ba ne. Wa ya gaya maka?"

Wani abu mai kama da dariya ya fito daga hancinsa. Mutumin da ya ga zai nutse ba ya son nutsewa shi kaɗai.

"Kina tsammani ni ne babban maƙiyinki."

"Ban tambaye ka wannan ba."

"Ni gajiya ce laifina. Da yamma ranar da kika kawo shi, na yi niyyar dubawa. Sai wani ya zo, ya zauna a kujerar da kike kai. Ya ce daga gidanku yake. Ya ce takardar awon da ke shafi na sha ɗaya ta jabu ce, ke kika sa aka buga ta a maɗaba'a saboda son ɗan'uwa. Ya ce in na gabatar, ke ma za a ɗaure ki. Ya roƙe ni da girman Allah in rufa miki asiri, in bar littafin a rufe. Ni kuma ina da fayil arba'in suna jira. Na ji daɗin roƙon."

"Ƙarya ne. Takardar gaskiya ce."

"Wataƙila. Ban duba ba, ai kin tabbatar."

"Wane ne?"

"Ke da kika iya lissafi. Mutum nawa ne suka ga inda kika manna ta?"

Mai Zare ta lissafa. Ranar tana nan a idonta kamar jiya. Teburin ɗinki. Kwanon gam. Ita tana shafawa, wani yana danne mata kusurwar takardar da yatsa don kada ta naɗe, yana cewa, "Nan ne sha ɗaya, in kin ninke zai faɗo daidai." Shi ne kuma, da ta miƙa masa littafin ya sare gefe, ya ce an kai wuƙar injin wasawa.

Sai wani abu ya biyo baya, wanda shekara tara bai taɓa zuwa mata ba. Da ta dawo daga wannan ofis da la'asar, ta tarar da kalandun wani kamfani jibge a bakin ƙofa, ɗari biyar, an sare su tas, gefensu yana ƙyalli.

Da wace wuƙa?

"Baba," ta ce da akawu, ba tare da ta juya ba, "kana rubuta sunan duk wanda ya shigo ofishin nan?"

"Tun ranar da na fara aiki, 'yata. Littattafan suna cikin kabad ɗin can, shekara bi shekara."

"Kada ka kai su wasawa."

Aka ji taku a bene. Akawu ya yi ajiyar zuciya.

"Ga magatakarda nan."

"Ba shi ba ne," in ji Mai Zare.

Minti ashirin kacal da fitar Barista. Kuma ta san takun. Shekara ashirin da shida tana jin sa yana shigowa gida, ƙafar hagu tana ɗan ja.

Ƙofa ta buɗe. Maigidanta ya leƙo, makullin mota a hannu ɗaya, yana haki.

"Na ga Barista ta fita a guje. Lafiya dai?"

Bai dubi matarsa ba. Bai dubi Babban Lauya ba, bai kuma gaishe shi ba, kamar yadda mutum ba ya gaida wanda yake gudun a gane ya sani. Idonsa a kan shuɗin bangon ya sauka, a daidai saman ninkin, inda ido irin nasa kaɗai ya san ya duba. Ɗaya hannun yana cikin aljihun gaba, inda kullum yake ajiye 'yar rezar aikinsa.

"Kin gaji," ya ce, ya tako ɗaya. "Kawo in riƙe miki."

Mai Zare ta ɗora hannu na biyu a kan na farko.

"Tsaya daga nan," ta ce. "Baba, ɗauko mana littafin baƙi na waccan shekarar. Buɗe watan Yuni."